LAFIYA UWAR JIKI: Jinyar Gida Bayan Awon Leƙa Hanji

Garin Panda yana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, a kan hanyar da ta tashi daga Keffi ta bi ta Gitata ta nufi kudancin Jihar Kaduna. Gari ne na manoma da 'yan kasuwa, inda Nyankpa, waɗanda aka fi sani da Yeskwa, suke zaune tare da Gwari da Hausawa da Fulani, Hausa kuwa ita ce harshen ciniki. Mutumin wannan gari in ciwon ciki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, har likita ya ce sai an leƙa hanjinsa da na'ura, to, tafiya ta kama shi ke nan. Zai fara da Keffi, inda Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya take tun shekarar 2000, daga nan kuma mai yiwuwa ne a tura shi Abuja ko Jos, gwargwadon inda aka sami likitan da na'urar a lokacin.

Abin da yake ba mutane mamaki shi ne, bayan duk wannan zirga-zirga da kashe kuɗi, aikin kansa ba ya wuce rabin sa'a zuwa sa'a guda, kuma galibi ba a kwantar da mutum. Da zarar ya farfaɗo ya sha ruwa sai a sallame shi. Watau sauran jinyar ta koma hannun matarsa, ko ɗansa, ko ƙanen da ya rako shi, waɗanda ba su taɓa jin sunan awon ba kafin wannan mako. Takardar gargaɗin da akan bayar, in ma an bayar, da Turanci take, kuma waɗanda suka tsara irinta tun asali suna zaton majinyaci yana iya komawa asibiti cikin 'yan mintoci in wani abu ya taso. Mutumin Panda ba haka yake ba, balle wanda yake can cikin ƙauyukan da ke kewaye da ita. Saboda haka wajibi ne mutanen gida su san abin da yake na al'ada bayan wannan awo, da abin da in an gan shi ba a jiran wayewar gari.

Shi dai awon, wanda likitoci ke kira kolonoskofi, ana yin sa ne da wata doguwar mesa mai laushi wadda kaurinta bai wuce na yatsa ba, a bakinta akwai fitila da 'yar kyamara. Ana shigar da ita ta dubura a bi da ita cikin babban hanji, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita ɗaya da rabi, har zuwa inda ya haɗu da ƙaramin hanji can ƙasan ciki wajen dama, likita kuwa yana kallon kome a allo. A shekarar 1969 ne wasu likitoci biyu a birnin New York na Amurka, William Wolff da Hiromi Shinya, wanda asalinsa mutumin Japan ne, suka shahara da wannan aiki. Shinya ne kuma ya ƙago wani zarge na waya da ake zurawa ta cikin mesar, a shaƙe tsiron da ya fito a bangon hanji, a sakar masa wutar lantarki kaɗan ya yanke, ba tare da an tsaga ciki ba. Mai karatu ya riƙe wannan batu na zarge da wuta, domin a nan ne rabin maganar jinya yake.

A ƙasar Hausa kusan duk abin da ya fito ta dubura basir ne. Jini basir, majina basir, kumburin ciki basir, rama ma basir, ga kuma masu magani da lasifika a kan mota suna tabbatar wa jama'a da haka kowace ranar kasuwa. Lalle akwai basir, kuma sau da yawa shi ɗin ake tararwa in an leƙa. Amma ana tarar da gyambon atini, da tsargiyar hanji, da tarin fuka da ya sauka hanji, da tsiron da bai riga ya zama kome ba, da kuma sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sankarar babban hanji ita ce ta uku wajen yawa a duniya, ta biyu kuma wajen kisa. A shekarar 2020 ta kama mutum fiye da miliyan 1.9, ta kashe fiye da 930,000. Likitocin Nijeriya sun daɗe suna kukan cewa yawancin masu ita ba sa zuwa sai ta yi nisa. Don haka wanda ya daure ya je aka leƙa ya yi abin kirki, gani kuwa ya kori ji.

MAYEN ALLURA

Kafin a fara aiki akan yi wa mutum allura ta jijiya domin jikinsa ya saki, wani ya yi gyangyaɗi, wani ya yi barci sosai. Wannan allura ita ce babban abin lura a rana ta farko. Mutum zai tashi yana magana daidai, yana gaisawa, har ya ce shi garau yake, alhali kuwa maganin bai gama barin kansa ba. Hankalinsa yana da nauyi, hannunsa ba ya saurin kamawa, kuma abin da aka faɗa masa yanzu zuwa an jima ya manta. Shi ya sa bayanin da likita zai yi bayan awo ɗan rakiya ne ya kamata ya saurara, ya sa a rubuta masa, domin majinyacin zai iya rantsuwa washegari cewa ba wanda ya ce masa uffan.

Ƙa'idar da likitoci suka yi ittifaƙi a kanta ita ce sa'a 24. A cikinsu ba tuƙin mota, ba hawa babur a matsayin matuƙi, ba tsayawa kan injin niƙa ko injin ban ruwa, ba hawa bishiya ko tsani, ba shan giya ko burukutu, ba kuma sa hannu a takardar da ta shafi dukiya. Wannan na ƙarshe ba wasa ba ne a yankin da filaye suka yi daraja saboda kusanci da Abuja. Wanda ya zo da takardar cinikin gona ran da aka dawo da maigida daga asibiti, a ba shi ruwa ya sha, a ce ya dawo jibi. Mace kuma kada a bar ta kan murhu ko bakin rijiya, kada ta goya yaro a ranar, in tana shayarwa ta tambayi likita tun kafin a yi allurar.

Wanda yake ganin an cika tsanani sai ya dubi abin da shugabannin Amurka suke yi. Sa'ad da za a yi wa Shugaba George W. Bush wannan awo a watan Yuni na 2002, da kuma watan Yuli na 2007, sai da ya rubuta takarda ya miƙa wa mataimakinsa Dick Cheney ragamar mulki na ɗan lokaci. Haka Shugaba Joe Biden ya yi ranar 19 ga Nuwamba, 2021, ya miƙa wa Kamala Harris mulki na minti 85. In ƙasa mai makaman ƙare dangi ba ta yarda da hankalin shugabanta ba sa'ad da allurar nan take jikinsa, ina dalilin da zai sa magidanci ya fito daga asibiti ya ce shi zai ja babur ɗinsa daga Keffi har Panda?

Har hawa bayan ɗan acaɓa ma ba shi da kyau a wannan rana, domin gyangyaɗi ɗaya ya isa. A nemi mota. In kuwa an cire tsiro babba, ko majinyacin tsoho ne, ko mai ciwon zuciya ko na sukari, ko an gama aikin da yamma, abin da ya fi shi ne a kwana wajen dangi a garin da asibitin yake, a kama hanya da safe. Kuɗin kwana ɗaya bai kai na ɗaukar shatar mota da tsakar dare ba, in ma an sami direban da zai yarda ya fita. Ko a ina aka kwana, tilas ne wani babba mai hankali ya kwana ɗaki ɗaya da shi.

ISKA DA KUNYA

Hanji a lanƙwashe yake kuma a manne, saboda haka sai an hura masa iska ya buɗe kafin likita ya ga bangonsa. Wasu asibitoci suna hura irin iskar da mutum ke fitarwa in ya yi numfashi, wadda jiki ke shanyewa da wuri. Wasu kuwa iskar ɗaki ce, ita kuma sai ta fita ta inda ta shiga. Wannan ne ke kawo kumburi da murɗar ciki a sa'o'in farko, kuma maganinsa ɗaya ne, watau tusa. A nan ne kunya take cutar mutane. Dattijo ya dawo gida, surukai da maƙwabta sun cika zaure suna yi masa sannu, shi kuwa ya zauna ya matse yana gumi, ciki yana ƙara ɗaurewa, har a fara zaton wani mugun abu ne ya faru. Da ma an ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. A sallami 'yan dubiya da godiya, a bar mutum a ɗakinsa shi da wanda ba ya jin kunyarsa. Ya riƙa ɗan zagawa a tsakar gida da mai riƙe shi, ya sha ruwan ɗumi ko shayi maras madara, in ya kwanta ya juya gefe ya naɗe gwiwa. Ciwon iska yana zuwa yana tafiya, yana sauka duk lokacin da iskar ta fita, kuma zuwa washegari yawanci ya wuce.

Musulmi in jiri yana ɗibansa ya yi sallarsa a gida, a zaune in ta kama. Batun alwala ga wanda iska ke yawan kuɓuce masa kuwa malaman fiƙihu sun yi bayaninsa, sai ya tambayi malaminsa. Kirista ma in Lahadi ta faɗo washegarin awo, coci ba za ta gudu ba. Wanda aka ba shi zaɓin rana, gara ya kauce wa watan azumi, domin wankin cikin da ake yi kafin awo yana bukatar shan ruwa mai yawa, haka ma bayansa. In kuwa likita ya ce abin na gaggawa ne, maras lafiya yana da rangwamen sha ya rama.

Wankin cikin nan shi ne abin da ya fi gajiyar da jiki, ba na'urar ba. Mutum ya yini guda ba abinci mai nauyi, ya sha maganin da ya sa shi zawo har sai abin da ke fita ya zama ruwa tsararo. Ruwa da gishirin jiki sun ragu, shi ya sa ake ganin kasala da ciwon kai da bushewar baki. A fara mayar da ruwa tun a hanya. In an sami ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, wanda ake ba yara masu gudawa, ya wadatar. In babu, a sami ruwa mai tsabta lita ɗaya, watau ledar ruwa biyu irin ta rabin lita, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa kurɓa. Mai ciwon sukari ko na ƙoda ko hawan jini ya tambayi likitansa tukuna. Alamar ruwa ya koma ita ce fitsari ya yawaita ya yi fari.

Abinci kuma a bi shi a hankali. Koko ko kunu mai ruwa-ruwa, farar shinkafa mai laushi, dafaffen ƙwai, ayaba, romon kaza maras yaji, sa'an nan tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa. Kuskuren da akan yi na ƙauna ne: an ga maigida ya kwana biyu bai ci ba, sai a kirɓa masa sakwara da miyar agushi ta ji manja da attarugu, maƙwabciya ta aiko da ƙosai, aboki ya zo da tsire a takarda. Duk za su samu, amma ba yau ba. Wake da gyaɗa da riɗi da soye-soye da lemon kwalba mai gas suna ƙara kumburi a cikin da da ma cike yake da iska. Zoɓo kuwa a ɗaga masa ƙafa na 'yan kwanaki, don kada jan launinsa ya rikita masu duba ko akwai jini. Mafi yawan mutane suna komawa cimarsu ta kullum cikin kwana ɗaya ko biyu, sai fa in likita ya faɗi wani abu dabam. Mai ciwon sukari da ke shan ƙwaya ko yin allurar insulin ya tabbata ya ji daga bakin likita yadda zai koma kan maganinsa, domin shan cikakken magani a kan cikin da ba kome yana iya faɗar da sukari har mutum ya suma.

Sai kuma wani abu da ke tayar da hankalin tsofaffi musamman. Kwana ɗaya, biyu, har uku na iya wucewa mutum bai yi bayan gida ba. Wannan ba toshewa ba ce. Rumbu ne aka share, sai an sake zuba masa kafin a ɗiba. Amma nan da nan sai wata gwaggo ta jiƙo filasko, wani ya kawo jiƙon kanwa, wani ya sayo kwalbar maganin basir daga kasuwa. Hanjin da aka wanke jiya, aka kuma yanki wani abu a jikinsa, ba ya bukatar a sake tunzura shi. Muddin iska tana fita, ciki yana da laushi, mutum yana ci ba ya amai, to, a ƙyale shi. Haka nan kada a cusa kome ta dubura da sunan magani.

KEMIS

Ga ɗan ciwon da ya rage, farasitamol ya isa. Abin gudu shi ne asfirin da danginsa irin su ibufurofen da diklofenak, domin suna hana jini saurin daskarewa, ga wanda aka yanke masa tsiro kuwa wannan haɗari ne. Matsalar ita ce mutane da yawa suna shan su ba su sani ba. Garin Alabukun da direbobi da manoma ke kaɗawa a ruwa asfirin ne da sinadarin da ke cikin kofi. Haɗin ƙwayoyin da mai kemis ke ƙullawa a leda da sunan maganin gajiya da ciwon jiki, da wuya a rasa ɗaya daga cikin waɗannan a ciki, kuma ba suna a jikin ledar balle a duba. Wanda kuma likita ya ɗora shi a kan maganin tsinka jini tun da can, saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kamar asfirin ɗin kansa ko wafarin, ba shi da ikon yanke wa kansa hukunci ko ta wane gefe. Komawa da wuri yana jawo zubar jini, jinkiri kuma yana jawo gudan jini ya toshe jijiya. Ranar da zai koma sha, a rubuta ta a takarda kafin a bar asibiti.

Yanzu sai maganar jini, wadda ita ce ainihin abin da ke raba jinyar mutumin birni da ta mutumin karkara. In an ɗebi ɗan nama don gwaji, ko an cire tsiro, ganin ɗigon jini ko ɗan zirinsa a bayan gida na farko ba abin tsoro ba ne. To, amma inda zargen nan ya ƙona yakan yi ɓawo kamar na kowane ƙuna, ɓawon kuma yakan faɗi bayan kwanaki. In akwai jijiya a ƙarƙashinsa sai jini ya ɓalle, kuma hakan na iya faruwa har kwana 14 bayan awo, lokacin da kowa ya manta, mutum ya koma gona. Abin ba ya faruwa ga yawancin mutane, ya fi zuwa ga wanda tsironsa babba ne ko yake shan magungunan da aka ambata. Shi ya sa tambaya ta farko da ɗan rakiya zai yi wa likita ita ce, an cire wani abu? In an cire, guda nawa, kuma yaya girmansa? Wanda aka leƙa kawai ba a taɓa kome ba yana iya komawa aikinsa bayan kwana ɗaya. Wanda aka cire masa tsiro babba kuwa, huɗar doya da ɗaukar buhu da faskare da daka da jan guga duk su jira kamar mako guda, ko iyakar abin da likita ya ce, doguwar tafiya zuwa inda ba asibiti kuma ta jira mako biyu. Damina ba ta jira, gaskiya ne, amma kuɗin ɗan ƙodago na mako guda ya fi sauƙi a kan kuɗin ledar jini.

Akwai wata dabara ƙarama da takardun asibiti ba sa faɗa, domin masu rubuta su masai na ruwa suke tunani. Mai shiga shadda ta rami ba ya ganin abin da ya fita daga jikinsa, balle da dare. Mutum zai iya zubar da jini mai yawa yana zaton zawo ne. Saboda haka a cikin makonni biyun nan ya yi amfani da fo ko wani tsohon bokiti, ya haska tocila ya duba kafin a zubar. Ba abin jin daɗi ba ne, amma likita ma abin da zai fara tambaya ke nan.

In aka ga jini yana fita guda-guda, ko ya wuce cokali kaɗan, ko yana dawowa sau biyu sau uku, ko bayan gida ya koma baƙi ƙirin mai kauri alhali mutum ba ya shan ƙwayar ƙarin jini, to, asibiti nan take. Haka in jiri ya kama shi in ya miƙe, zuciya tana bugawa da sauri, tafin hannu da cikin ido suka yi fari. Ɗaya haɗarin kuma shi ne hujewar hanji. Yana da wuyar faruwa ƙwarai, bai kai mutum ɗaya cikin 1,000 ba a awon da aka leƙa kawai, amma in ya faru kowace sa'a tana da lissafi, domin ƙazantar hanji ce ke zuba cikin ciki. Bambancinsa da ciwon iska a fili yake ga mai lura: shi ba ya sauka, ƙaruwa yake yi, ciki ya yi tauri kamar allo, mutum ba ya son a taɓa shi ko mota ta girgiza shi, ga zazzaɓi da sanyi da amai. Wani lokaci ciwon yakan harba har kafaɗa. Zazzaɓi a kwanakin nan kada a yi saurin cewa na sauro ne a sayo magani a kemis, ko da kuwa damina ce.

Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan kada ya ba majinyaci abinci ko jiƙo, domin mai yiwuwa ne a bukaci yi masa tiyata. A nufi asibiti mafi kusa da yake da likita, a nuna takardar awon tun a bakin ƙofa, a faɗi ranar da aka yi da abin da aka cire. In sun ga ya fi ƙarfinsu za su sa masa ruwa su tura Keffi. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun ran da aka dawo gida ya kamata a san direban da za a buga wa ko da ƙarfe biyun dare ne, a ajiye kuɗin mai, a bar waya da caji, a karɓo lambar sashen da aka yi awon, a kuma san mutum biyu cikin dangi da za su iya ba da jini. Asibitocin da ke wannan aiki su ma akwai nasu. Buga gargaɗin nan da Hausa a takarda guda, da lambar wayar da za a ɗauka in an kira, ba zai ci kuɗin da ya kai na safar hannu ta mako guda ba.

KWALBAR GWAJI

Ɗan naman da aka ɗiba akan sa shi a wata 'yar kwalba mai ruwan magani, a kai ɗakin gwaji inda za a yanka shi a duba da madubin likita. A wasu wurare dangi ake miƙa wa kwalbar su kai da kansu su biya. A nan ne mutane da yawa suke yin asarar duk wahalar da suka sha. Kuɗi sun ƙare, jiki ya yi sauƙi, likita kuma ya ce ya cire abin, sai a ajiye kwalbar a kan taga har ta bushe, ko a kai amma ba a koma karɓar sakamako ba. Alhali ido, ko na likita ne, ba ya iya rabe tsiron da ba shi da illa da wanda ya fara juyewa. Kwalbar nan a kai ta a ranar ko washegari, kada a zubar da ruwanta, kada a sa ta a firiza. Sakamako yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, kuma shirun asibiti ba ya nufin lafiya lau. Mai abu shi ke bin abinsa.

Tsoron abin da za a ji shi ke hana wasu komawa. To, tsiro yakan ɗauki kimanin shekara 10 kafin ya rikiɗe ya zama sankara, wanda aka cire masa shi tun yana tsiro an tare masa hanya ke nan. Ko ta riga ta zama, in da wuri ne ana yanke ta a zauna lafiya. A watan Yuli na 1985 irin wannan awo ya gano wani babban tsiro a hanjin Shugaba Ronald Reagan na Amurka, washegari aka yi masa tiyata aka yanke wani sashe na hanjin, gwaji ya nuna sankara ce. Ya ƙarasa mulkinsa, ya rayu har 2004, ya mutu yana da shekara 93 da wata cuta dabam. A ɗaya gefen kuma ga Chadwick Boseman, ɗan wasan fim ɗin nan baƙar fata, wanda ita ce ta kashe shi a 2020 yana da shekara 43 kacal. A 2021 Amurka ta sauko da shekarun fara wannan bincike daga 50 zuwa 45, saboda yadda cutar take ƙaruwa a cikin masu ƙananan shekaru.

Sakamakon kuma ba na majinyaci ba ne shi kaɗai. In aka sami sankara, ko irin tsiron da ke kaiwa gare ta, 'yan'uwansa na ciki ɗaya da 'ya'yansa suna da haƙƙin su sani, domin abin yana bin jini a wasu gidaje. Likitoci sukan ba irin waɗannan shawarar su fara bincike tun suna shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano ta a jikin ɗan'uwan nasu, duk wanda ya riga zuwa. Wanda aka tarar hanjinsa lafiya, kuma ba tarihin cutar a gidansu, yawanci sai bayan shekara 10 ake cewa ya dawo, in dai wata alama ba ta taso ba kafin nan. Wanda aka cire wa tsiro kuwa akan sa masa wa'adi gajere, shekara uku ko biyar ko ƙasa da haka, gwargwadon abin da gwaji ya nuna. Wa'adin nan a sa likita ya rubuta shi da lambobi a jikin takardar, a ɗauki hotonta a wayar ɗaya daga cikin 'ya'ya, ita kuma a naɗe ta a leda a ajiye inda ake ajiye takardun gona, domin likitan da za a tarar bayan shekara uku ba lalle ne ya zama wanda ya yi awon farko ba.